Ranar da Aminiyata Ta Sa Fari

Ni da aminiyata mun haura shekara arba'in muna anko. A layi ɗaya aka kai mu aure a Fagge, katanga ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma tun daga sunan ɗanta na fari ba a ƙara ganin ɗayarmu a taro da zanen da ɗayar ba ta da irinsa ba. Ni nake zaɓe, wannan ba a taɓa gardama a kai ba. Ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya, amma a miƙo min yadi in murza shi tsakanin yatsu biyu, zan faɗi ko zai zuba a wanki, zan faɗi ko zai kai sallar baɗi. Ita kuwa ruwan ido gare ta. A bar ta a kanti sai ta wuni tana shafa wannan tana shafa wancan, ta fito hannu biyu.

Ni na fara kai ta Dubai saro. Ni na nuna mata lungunan Deira, na koya mata hawa kwalekwalen nan da suke ce wa abra ba tare da ta ƙanƙame ɗan mutane tana salati ba. Ina faɗin wannan ne don a san matsayina kafin a ji abin da aka yi min.

Kowace kala muna sawa, ban da fari. Da can muna sawa. Shekara goma sha biyu kafin tafiyar da zan ba da labarinta babbar 'yata ta rasu wajen haihuwa. Ina tsaye aka naɗe ta, na ce a gaban matan da ke ɗakin, farin yadi ba zai ƙara taɓa jikina ba sai ranar da ba ni da bakin hanawa. Aminiyata tana wurin, ta ji. Bayan sadakar bakwai sai na ji labari ta fitar da fararen kayanta kaf ta rabar, har da wani leshi da take ji da shi. Ban roƙe ta ba. Ban kuma taɓa yi mata godiya ba, don a ganina haka ya kamata a yi.

To, sai gwiwarta ta sa ta a gaba. Ɗanta da ke aikin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, yana zaune a unguwar Karama a Dubai da matarsa, ya ɗauke ta aka yi mata aiki a can. Wata biyar ta yi ban gan ta ba. Bizata ta ƙi fitowa da wuri, ga bikin jika da ya riƙe ni a Kano. Kullum dai muna waya. A wayar ne na fara jin wata kalma tana yawan fitowa daga bakinta: maƙwabciyarmu. Maƙwabciyarmu ta gasa min gwiwa. Maƙwabciyarmu ta fita da ni baranda na yi taku ashirin. Maƙwabciyarmu ta dafa min shayi da citta. Ashe ɗan da matarsa da safe suke fita aiki, sai wata dattijuwa da ƙofarta ke kallon tasu ta ɗauki jinyar.

Na ce, "Wai wace ce wannan Ba'indiyar da ba kya iya buɗe baki ba ki ambace ta ba?"

Ta ce, "Ba Ba'indiya ba ce, 'yar Sirilanka ce."

Na ce, "Duk ɗaya ne."

Da bizar ta fito na sauka inda na saba sauka, a Al Ras kusa da masu kayan ƙamshi. Na je na ga aminiyata, ta rame amma tana takawa da sanda. Na ga maƙwabciyar ma. 'Yar siririya ce baƙa, furfura a tufke, ba ta kai kafaɗata ba. Ta haɗa hannuwa ta gaishe ni, har da "sannu da zuwa" a karkace. Na amsa mata daidai gwargwado.

A zaman nan ɗan ya ce mutanen benensu sun yi hayar bas, ranar Lahadi za a je kallon wani katafaren wurin ibadar Hindu da aka gina a hanyar Abu Dhabi, kuma kowa ana barinsa ya shiga.

Na ce, "Gidan gumaka? Ni da Hajji biyu?"

Ya ce, "Mama, kallo ne fa, ba bauta ba. Larabawa ma zuwa suke su ga ginin."

Kafin in ƙara magana aminiyata ta ce, "Ni dai zan je. Na yi alkawari."

Ban tambaye ta wa ta yi wa alkawarin ba, na sani. Nan take na ce a sa sunana. Da zan tafi na ce mata ta fito da jan leshinmu mai ruwan gwal, shi za mu sa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Allah ya kai mu." Da ina da hankali a ranar da na lura ba ta ce za ta sa ba.

Ranar Lahadi na sha jan leshi, na kafa ɗauri, na zuba awarwaro, na hau tasi zuwa Karama. Bas tana tsaye a ƙofar bene. Matan Indiya sun cika wurin, kowacce da kalar zanenta, ana ta loda kulolin abinci. Ina tsaye ina gyara mayafi sai lifta ta buɗe, aminiyata da maƙwabciyar suka fito su biyu, hannu cikin hannu. Fari tas, daga sama har ƙasa. Aminiyata doguwar riga da mayafi, waccan riga da zane. Ban buƙaci in matsa ba, daga inda nake na gane yadi ɗaya ne, auduga ce mai laushi, daga bandir ɗaya aka yanko. Wata mata ta tafa hannu ta ɗaga waya ta ɗauke su hoto.

Anko. Anko aka yi ba ni. Kuma a duk kalolin da Allah ya halitta, fari.

Aminiyata ta dogaro sanda ta iso gabana ta ce, "Hajiya, kin tashi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, amarya. Ashe biki ake ba a gayyace mu ba."

Ta ce, "Ki bari zan gaya miki."

Na ce, "Me za ki gaya min? Ai ido ba ya buƙatar tafinta."

Direba ya fara yalla yalla, aka hau. Maƙwabciyar ta tsaya a gefen kujera ta nuna min wurin da ke kusa da aminiyata, wai in zauna. Ka ji fa. Ita ce za ta ba ni wuri kusa da matar da na kama wa jariri tun kafin ita wannan ta san akwai wata ƙasa Najeriya. Na wuce kamar ban gani ba, na zauna a bayansu kusa da surukar aminiyata, matar ɗan nan nata.

Wannan shi ne kuskurena na farko, don daga nan har Abu Dhabi babu abin da ke gabana sai fararen kawuna biyu. An ce mun wuce dogayen gine-gine, an ce mun wuce raƙuma. Ni ban ga ko ɗaya ba. Ina jin su suna hira da wani yare nasu, guntun Larabci, guntun Turanci, guntuwar Hausa, sauran da hannu. Matar tana ce mata "Yaya". Suna dariya a kan abin da ban san farkonsa ba. Can matar ta buɗe wata 'yar roba, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa aka yayyanka kamar alkaki. Aminiyata, wadda a gidana sai na yi da gaske take ƙara loma, ta cinye yanka uku. Aka miƙo min ta saman kujera, na ce na ƙoshi. A jakata akwai dambun naman da na tsaya a kansa da kaina a Kano, na yi mata shi ba yaji sosai yadda take so. Na ƙara danna shi ƙasan jaka.

Surukar ta raɗa min, "Mama, ko ba kya jin daɗi ne?"

Na ce, "Sanyin motar nan ne ya yi yawa."

Muka isa da hantsi. Gaskiya ɗaya ce ko da mutum yana fushi: ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Fili ne na yashi, sai ga dutse mai ruwan hoda ya tashi sama da hasumiyoyi, kuma babu tafin hannu ɗaya a jikinsa da aka bari ba zane. Giwaye, raƙuma, tsuntsaye, furanni, duk an sassaƙe su kamar an ba mai surfani dutse an ce ya huce haushinsa. Ni da na san wahalar allura na tsaya na ce a raina, masu wannan aiki sun ci abincinsu da guminsu.

Aka ce a cire takalma, muka cire. Da muka zo matakala na ce yau sai an san wace ce wa. Na yi wuf na kama hannun aminiyata na dama. Muka hau ɗaya, a ta biyu ta ce wash, ta yi baya. Sai ga matar nan ta zagayo da sauri tana "La, la, Mama, shuwayya," wai a'a, a bi a hankali, ta shiga ta hagu, ta tura kafaɗarta ƙarƙashin hammatar aminiyata, ta dafa mata ƙugu. Suka hau sumul, ƙafa mai lafiya a gaba, mai ciwo tana bi.

Aminiyata ta waiwayo ta ce, "Ki bar mata, Hajiya, ta san ƙafar."

Ta san ƙafar. Ni na san ranar da aka yi wa ƙafar nan lallen aure, amma ban san wace gwiwa aka yanka ba. A waya ta gaya min, ban riƙe ba. Na tsaya a matakala da sandarta a hannuna kamar 'yar rakiya.

A ciki akwai sanyi da ƙamshin turaren wuta. Mutane suna haɗa hannu a gaban gumakansu, wasu suna kwanciya rub da ciki. Ni na ja gefe ina istigfari a zuci, na kafe idona a kan abin da na sani, wato tufafin da aka sa musu. Siliki ne na gaske, aikin zare na gwal, ba irin na kasuwa ba. A wani ɗaki an jera biyu, mace da namiji, kala ɗaya, ado ɗaya. Na ce wa surukar da ƙarfi yadda na gaba za su ji, "Kin gani ko? Har gumaka sun san da wanda ake anko."

Kafaɗar aminiyata ta motsa, amma ba ta juyo ba.

A bakin fita wani mutum yana raba wata 'yar alewa a tafin hannu. Kafin mu buɗe baki matar ta yi masa magana, ya yi murmushi ya wuce mu. Wai ta gaya masa Musulmi ne mu, ba ma cin abin da aka kai gaban gumaka. Har wannan ma ita za ta faɗa mana. Na lura kuma ita kanta ba ta rusuna wa komai ba a wurin. Surukar ta ce ai nan ba nasu ba ne, ita addinin Buddha take bi, nasu wurin daban yake, a hanyar komawa za a biya da ita. Na ce su suka sani.

A hanyar dawowa aka tsaya a gidan mai, Indiyawa suka baje abincinsu a inuwa, mu kuma muka shiga masallacin mata. Mu biyu ne kaɗai a ciki. Ta yi sallarta a kan kujera, na yi tawa. Da muka sallame ta ce, "Hajiya."

Na ce, "Telan ya yi ƙoƙari. Sai dai wuyan ya ɗan yi faɗi. Da an tambaye ni da na faɗa."

Ta ce, "Ke dai ba kya canzawa. Ki zauna mana in yi miki bayani."

Na ce, "Kada a bar ƙanwarki tana jira a rana." Na zura takalmina na fita.

Bayan la'asar bas ta shiga wata unguwa a Jumeirah, ta tsaya a ƙofar wani gida da ba shi da bambanci da na maƙwabta. Yawancin Indiyawan suka ce sun gaji, suka zauna a mota. Ni na sauka, don na rantse ba zan bar su su biyu su shiga ko'ina ba ni.

Ina sa ƙafa a tsakar gidan na tsaya cak. Mutane ne cike, maza da mata, tsofaffi da masu goyo, kuma kowa fari. Kowa. Wani riga da wando, wata zane, wata siket, amma fari. Masu kala a wurin sai wasu mutum biyu masu aski ƙwal da suka yafa mayafi ruwan goro, da ni. Ni da jan leshi mai ruwan gwal da awarwaro, kamar an jefa attaruhu a tsakiyar tuwon shinkafa. Wata 'yar yarinya ta nuna ni da yatsa, uwarta ta sauke mata hannu.

Ashe ba anko ba ne. Haka suke zuwa wurin ibadarsu. Na yini ina cin kaina a kan kayan da kowa yake sawa.

A tsakiyar gidan akwai wata bishiya mai ganye kamar an ja masa wutsiya. Mutane suna zagaya ta da 'yan tukwanen ruwa suna zubawa a gindinta, wasu suna jera fararen furanni a faranti, wasu suna kunna 'yan fitilun ƙasa masu mai da lagwani. Ta ƙofar ɗaki ina hango wani babban gunki a zaune ya naɗe ƙafa. Matar ta zaunar da aminiyata a wani benci jikin katanga, ta karɓi furanninta ta shige cikin mutane.

Na je na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Kunya ta kama ni, amma ba ta kashe abin da ke raina ba, sai ma ta tono na ƙasa.

Na ce, "To, na ji, ba anko ba ne. Amma ke me ya kai ki? Addininki ne? Kin bar fari tare da ni. Shekara goma sha biyu."

Ta ce, "Yau ranar rasuwar ɗan maƙwabciyarmu ta zagayo. Duk shekara takan zo ta kunna masa fitila. 'Yarta ce ke rako ta, bana an hana ta hutu a wurin aiki. Ba abin da zan taɓa a wurin nan, ta sani. Zama kawai zan yi inda in ta waiwayo za ta gan ni. Ta ce in zo da kowane kaya, ni na ce ba zan zauna mata a nan kamar baƙuwa ba."

Na san wannan zaman. An yi min shi. Kwana arba'in aminiyata tana zuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ba ta cewa komai, in na ɗaga kai in gan ta. Ni a zatona nawa ne ni kaɗai, ashe halinta ne, ko wa ya samu sai ta yi masa. Wannan ya fi farin yadin ciwo, kuma har yau ban gama yafe shi ba.

Na ce, "Ai sai ki gaya min."

Ta ce, "Da na gaya miki za ki sa?"

Na ce, "Allah ya kiyaye."

Ta ce, "To?"

Na ce, "Sai ki tambaye ni in ƙi! Shekara arba'in ba ki yanki ƙyalle ba sai na murza. Ki zo ki ce, Hajiya, ga abin da ya taso, kin yarda? In yi faɗa, in yi fushi, in ce ki je. Amma ki tambaye ni."

Ta dube ni ta ce, "Tsoro na ji. Ban san yadda zan ambaci fari a gabanki ba."

Can cikin mutane matar ta durƙusa ta kunna fitilarta. Ta waiwayo, ta ga aminiyata, ta mayar da kai. Da ta dawo idonta ya yi ja. Na miƙe, don ko ba komai na san abin da ake yi wa uwar da ta binne ɗa. Na kama hannunta biyu na ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana." Ba ta ji Hausar ba, amma ta gane, ta ɗora goshinta a kan hannuna. Awarwarona suka yi ƙara a wurin da kowa ya yi tsit.

Da muka koma bas ban jira an nuna min wuri ba. Na zauna kusa da aminiyata, ta hagu. Matar ta koma baya wurin surukar. Na ciro dambun naman na buɗe a cinyata, aminiyata ta ci har tana lashe yatsa. Na damƙi kaɗan na miƙa baya ta saman kujera. Kaɗan dai.

Washegari na je Karama na ce a kawo min rigar. Aminiyata ta ce me zan yi da ita. Na ce ajiya. Ta miƙo min a wanke a goge, na karɓa da hannuna, karo na farko a shekara goma sha biyu da na riƙe farin yadi. Na murza shi. Audugar kirki ce, ba zan yi wa matar ƙarya ba, ta iya zaɓe. Na naɗe na sa a ƙasan akwatina, na taho da ita Kano.

Aminiyata ta ci gaba da zama a wurin ɗanta saboda likita. Da shekara ta zagayo sai ga wayarta. Muka gaisa, muka yi zancen zafi, muka yi zancen jikoki, ina jin ta tana kewaye-kewaye, na ƙi taimaka mata. Can ta ce, "Hajiya, ranar nan ta kusa. Kin yarda in sa?"

Na ce, "'Yarta fa? Bana ma ba hutun?"

Ta ce, "An ba ta. Ni dai ina so in je."

Na ce zan yi tunani. Na bar ta kwana biyu, sai da ta sake kira ta sake tambaya. Sannan na ciro rigar na ba wata 'yar saro da za ta tashi ranar Alhamis, na ce ta kai mata hannu da hannu, ta kuma gaya mata in an gama a wanke a dawo min da abata.